Gam, maganin kwancewar noti da ruwan lagireto: me ya sa gyaran inji ba ya ƙarko?

Me ya sa za a sauke inji, a canza ringi da metal da gasket, a kashe kuɗi masu kauri, amma kafin wata uku motar ta koma gareji tana ɗigar baƙin mai ko tana tafasa? Tambayar ba ta ƙarewa a tasha da majalisa, kuma ta fi tashi daga Maris zuwa Mayu, lokacin da zafi ke haura digiri 40 a Sakkwato da Maiduguri da Yamai. Mai mota ya ce makanike bai iya aiki ba. Makanike ya ce kayan kasuwa ne jabu. Mai kayan gyara kuma ya ce direba ne ba ya duba ruwa.

Abin ya ƙara nauyi tun daga 2023, da aka cire tallafin fetur kuma darajar naira ta zube. A da idan inji ya buga, mutane da yawa Beljiyom suke saya a ɗora, a wuce wurin. Yanzu kuɗin injin Beljiyom ya fi ƙarfin mutum, dole a buɗe na jikin motar a gyara. Idan kuwa aka buɗe inji, akwai abubuwa uku da suka fi komai araha a takardar sayayya, amma su ne ke yanke hukuncin ko aikin zai riƙe: gam ɗin da ake shafawa a mahaɗar ƙarfe, ruwan da ake ɗiga wa noti don kada ya kwance, da ruwan da ake zubawa a lagireto. Su ne ake tura yaron gareji ya karɓo ba tare da an faɗa masa wane iri ba. "Je ka karɓo gam ɗaya." Shi ke nan. In ma an yi zaɓi, da launi ake yi: ja ko toka-toka, kore ko ruwan hoda.

Abu uku ne, kowanne da aikinsa

Gam ɗin inji, wanda yawancinsa silikon ne, aikinsa cike 'yar kafar da ke tsakanin ƙarfe biyu don kada mai ko ruwa ya fita. Ba ya riƙe komai. Noti ne ke riƙewa. Maganin kwancewar noti, wanda aka fi sani da sunan kamfanin Loctite, ruwa ne da ke daskarewa a cikin tiredi, ya hana noti juyawa idan jijjiga ta yi yawa. Kulant kuwa haɗi ne na ruwa da wani sinadari mai suna etilin gilaikol da magungunan hana tsatsa.

Ruɗanin yana farawa ne daga suna. A bakin mutane duk abin da ke mannewa gam ne, tun daga sufagulu har silikon ɗin masu tagar alminiyam. Duk abin da aka zuba a lagireto kuma ruwa ne.

Silikon ba iri ɗaya ba ne

Silikon ɗin inji da damshin iska yake bushewa, daga waje zuwa ciki. A cikin minti kaɗan zai yi fata a sama, amma kafin ya nuna sosai yana bukatar kusan awa 24. Ga wani abu da ba a cika lura da shi ba: kamfanonin da ke yin sa suna auna wannan lokaci ne a iska mai matsakaicin damshi. A tsakiyar hunturu, lokacin da leɓe ke tsagewa don bushewa, gam ya fi jinkirin nuna, ga kuma ƙura da ke sauka a kansa tun kafin a rufe. Aikin da aka yi a Janairu a fili ya fi bukatar haƙuri a kan wanda aka yi da damina.

Iri biyu ne manya. Akwai wanda idan an buɗe shi yake warin tsami mai shiga hanci kamar binega. Wannan asid yake fitarwa yayin bushewa, kuma shi ne yawancin silikon ɗin gilashi da bahon wanka. Ba a yi shi don zafin inji da baƙin mai ba, yana iya cin ƙarfe, kuma tururinsa kan lalata sensar oksijin da ke jikin salansa. Idan sensar ta mutu, kwamfutar mota ta daina sanin yawan fetur ɗin da ya dace ta saki, sai shan mai ya ƙaru, daga baya abin ya shafi katalis, matatar hayaƙin salansa da makanikai ke kira indomi. Iri na biyu ba ya wannan wari, kuma a jikin bututunsa akan rubuta cewa ba ya cutar da sensa. Shi ne na motocin zamani.

Launi fa? A cikin kayan kamfani ɗaya yana da ma'ana. A wurin Permatex, misali, baƙi an yi shi don jure baƙin mai, toka-toka don mahaɗar da ke da notuna kusa da juna da ɗauri mai ƙarfi, ja da mai ruwan tagulla don wuraren zafi. Amma babu wata doka da ta tilasta wa wani kamfani bin wannan tsari. Bututu biyu na iya zama ja duka, ɗaya ya dace da inji, ɗaya na warin binega. Kama da wane ba ta wane. Shi ya sa maganar "ja ya fi ƙarfi" da ta zauna a bakin mutane ba ta da tushe. Rubutun da ke bayan bututun ne abin dubawa: yana jure mai? Zafi nawa yake ɗauka? Yana cutar da sensa? Yaushe wa'adinsa zai ƙare? Silikon ma yana tsufa a kan kanta, kuma tsohon ba ya nuna ko an bar shi kwana uku.

Dalilin da ya sa wannan magana ta zama babba yanzu shi ne an sauya yadda ake ƙera inji. A zamanin Peugeot 504, wadda aka riƙa haɗawa a Kaduna bayan buɗe kamfanin a 1975, kusan kowace mahaɗa tana da gasket na takarda ko makamancinsa, a ɗan shafa masa shelak a ɗaure. Yawancin injunan Toyota da Honda na yanzu kuwa, kaskon baƙin mai da murfin sarƙar taimin ba su da gasket ko kaɗan. Gam ɗin shi ne gasket ɗin tun daga masana'anta. Toyota na da nata baƙin gam, Honda na da Hondabond, kuma kamfanin ThreeBond na Japan ya yi suna a wannan fanni. Littattafan gyaran injunan Toyota da dama suna cewa a ɗaura kaskon cikin minti 3 da shafa gam, kuma kada a zuba baƙin mai sai bayan awa 2. Wanda ya taɓa zama a gareji ya san sau nawa ake bin wannan. Mai mota na tsaye a kai yana duba agogo: "Oga, don Allah a hanzarta, Zariya zan kwana." Ana ƙulle noti na ƙarshe ana buɗe galan ɗin mai.

Yadda yawan gam ke kashe inji

Nan ne aka fi yin gyaran gangar auzinawa. Tunanin shi ne idan kaɗan na hana yoyo, mai yawa zai fi hanawa. Sai a lafta shi da yatsa kamar ana yaɓen ɗaki. Abin da ake bukata layi ne siriri, kaurin milimita 2 zuwa 4, wanda ya zagaye ba yankewa, ya bi ta cikin ramukan noti.

Idan an ɗaure, rarar gam ba ta da wurin zuwa sai gefe biyu. Wadda ta fito waje ana ganinta, wani ma ya ɗauka shaidar aiki ce. To daidai ita akwai wata a ciki, tana rataye a kan baƙin mai mai zafi. A hankali take yankewa zare-zare, ta faɗa kasko. A ƙasan kaskon akwai rariyar da famfon mai ke zuƙa ta cikinta. Zaren silikon ba ya narkewa, sai ya taru a bakin rariyar. Mai ya ragu a hanya, metal ya fara gogar karanshaf a bushe, wata rana a kan titi a ji ƙwanƙwasa. Mai mota zai rantse cewa mai cike yake, kuma gaskiya ya faɗa; mai na nan, hanya ce babu. A injunan da ke sarrafa taimin da matsin mai, irin VVT-i na Toyota da VTEC na Honda, akwai wasu ƙananan rariyoyi da ɗan guntun gam kamar ƙwayar gero ya isa ya toshe su. Haka abin yake a ɓangaren ruwa: gam ɗin da aka lafta wa wata-famfo yana ƙarewa ne a cikin siraran bututun lagireto.

Akwai wani nau'in da aka yi don kauce wa wannan, irin Loctite 518. Shi ba ya daskarewa sai inda ƙarfe biyu suka matse shi babu iska, rarar da ta fito tana nan a ruwa, mai ya wanke ta. Amma sai a mahaɗar da aka goge sumul, mai kauri, wadda kafarta ba ta wuce rubu'in milimita ba. Ba zai yi aiki a kaskon gwangwani da ya lanƙwashe ba.

Wuraren da gam ba shi da hurumi su ma suna da yawa. Gasket na roba, kamar na murfin saman inji, a bushe ake sa shi, sai ɗigo a kusurwoyin da ƙarfe uku suka haɗu. In an shafe shi duka, santsi yake yi ya zame daga gurbinsa. Zoben roba ba ya son gam. Duk inda fetur ke taɓawa ma haka, domin fetur na kumbura silikon ya mai da shi kamar tuwon da ya kwana a ruwa. Kuma kowane gam, komai tsadarsa, ba ya kama wurin da ke da maiƙo. Wankin kananzir ko gas yana barin maiƙo, kankara da ƙarfi kuma tana yi wa alminiyam rauni da zai zama hanyar yoyo.

Tof-gasket: a bar shi a bushe

Wannan gasket ɗin shi ke raba wuta da ruwa da mai a tsakanin bulok da tof-silinda. Na motocin yanzu faranti ne na ƙarfe hawa-hawa, da wani siririn shafi da aka yi masa tun daga masana'anta. Matsi da zafin da ke wurin sun fi ƙarfin silikon nesa ba kusa ba. Idan makanike ya ce zai "taimaka masa da gam", yawanci alama ce cewa tof ɗin ya lanƙwashe sakamakon tafasar da motar ta yi, kuma ba a son kai shi wurin masu injin gogewa. A injunan Toyota da yawa, lanƙwasar da aka yarda da ita ba ta wuce milimita 0.05 ba, wato ba ta kai kaurin takardar rubutu ba. Ido ba ya ganin wannan, sai da ma'auni.

Maganin kwancewar noti

Wani malamin kimiyyar sinadarai a kwalejin Trinity da ke Hartford a Amurka, Vernon Krieble, shi ya samar da shi a 1953, sunan Loctite ya fito kasuwa a 1956, kuma tun 1997 kamfanin yana hannun Henkel na Jamus. Dabararsa kishiyar ta silikon ce. Iska ce ke hana shi daskarewa. Sai ya shiga tsakanin tiredi, iska ta yanke, ya taɓa ƙarfe, sannan ya koma roba mai tauri. Shi ya sa kwalbarsa ba ta zuwa a cike. Wanda bai sani ba zai ce an cuce shi, alhali iskar da aka bari a ciki ce ke tsare ruwan.

A nan kaɗai, cikin abubuwan uku, launi ke da ma'anar da kusan kowa ya yarda da ita. Shunayya, irin 222, na ƙananan sukurori ne. Shuɗi, irin 242 da 243, matsakaici ne, ana kwance shi da sifana, kuma shi ne ya dace da yawancin aikin mota. Ja, irin 262 da 271, na dindindin ne, ba ya sakin noti sai an gasa wurin zuwa wajen digiri 250. Kore, 290, tsinkakke ne da ke tsiyaya cikin notin da an riga an ɗaure. Sai dai ko a nan akwai tarko: launin ruwan ake nufi, ba na kwalba ba. Kwalbar Loctite ja ce ko da ruwan cikinta shuɗi ne. Lamba za a karanta.

Kuskuren da ya fi tsada shi ne sa ja a ƙaramin noti, irin mai kan sifana 10, da ya shiga cikin alminiyam. Ranar da za a sake buɗewa, ko notin ya karye a ciki ko ya fito da tiredin gaba ɗaya. Makaniken da ya sa ba shi zai sha wahalar ba, na gaba ne.

Ina ake sa shi? Inda littafin motar ya ce. Notunan filawil su ne misalin da aka fi sani, kuma a wasu injuna ramukansu sun ratsa har inda mai yake, don haka ruwan na aiki biyu: riƙewa da toshewa. Sai wasu sukurorin famfon mai da makamantansu. Ba a sa shi a filogi, ba a sa shi a notin juye baƙin mai, ba a sa shi a notin taya. A manifol ɗin salansa asara ce kawai, domin yawancinsa ba ya wuce digiri 150 zuwa 180, wurin kuwa ya ninka haka. Yana kuma fasa wasu nau'o'in roba mai tauri. A kan alminiyam da ƙarfen da ba ya tsatsa ya fi jinkirin kamawa, kuma shi ma sai ya yi awa 24 yake kai cikakken ƙarfinsa.

Notunan tof-silinda kuwa labarinsu daban ne. Yawanci ɗan baƙin mai ake shafa musu, a ɗaure su bi da bi daga tsakiya zuwa gefe da sifana mai awo, sannan a ƙara juyi na kusurwa, misali digiri 90. An yi su ne su ɗan miƙe kamar roba, wannan miƙewar ce ke danne gasket. Kusan kashi 90 cikin 100 na ƙarfin da hannu ke sawa a sifana a gogayya yake tafiya, kaɗan ne ke zama matsi. Saboda haka duk abin da aka shafa wa tiredi yana canza lissafin. Wanda ya ɗaure da dogon bututu da "ji a hannu" bai san nawa ya danne ba. Idan kuma akwai ruwa ko mai kwance a ramin notin, ɗaurin na iya tsaga bulok. Injin 2AZ-FE na Camry 2002 zuwa 2006 an san shi da zamewar tiredin waɗannan notuna a cikin bulok, musamman bayan ya yi zafi. Maganinsa a huda a dasa sabon tiredi na ƙarfe. Babu ruwan kwalbar da zai mayar da tiredin da ya cinye.

Kulant ko ruwan famfo?

A nan ne gardamar ta fi zafi, kuma kowane ɓangare na da abin faɗa.

Masu ruwan famfo suna cewa kulant kayan ƙasashen ƙanƙara ne, an yi shi don kada ruwa ya daskare ya fasa inji, mu kuwa ina muka ga ƙanƙara? Suna ƙarawa da cewa ruwa zalla ya fi sanyaya inji. Maganarsu ta biyu gaskiya ce. Ruwa zalla ya fi haɗin rabi-da-rabi ɗaukar zafi. Ta farkon ma rabinta gaskiya ce: haɗin rabi-da-rabi ba ya daskarewa sai sanyi ya kai wajen digiri 37 ƙasa da sifiri, abin da ba ruwan Kano ko Damagaram da shi.

Abin da suka bari a baya shi ne sauran ayyukan. Na farko tafasa. Ruwa na tafasa a digiri 100 a bakin teku, a tudu irin Jos ma bai kai haka ba. Inji kuwa yana aiki ne a tsakanin 85 da 100. Murfin lagireto mai lamba 1.1 na riƙe matsi ya ɗaga tafasar ruwa zuwa wajen 120, da kulant kuma ta kusa 128. Wannan tazarar ce ke ceton mota a cunkoson Kofar Ruwa da azahar, da na'urar sanyi a kunne.

Na biyu, wanda a ganina ya fi komai, tsatsa da ɓawo. Duba cikin butar mai shayin da ke dafa ruwan burtsatse, za ka ga farin ɓawo ya kama gindinta. Gishirin ƙasa ne da ke cikin ruwan. Irinsa ke taruwa a hanyoyin ruwan inji, ya zama bargo tsakanin ƙarfe da ruwa, ya kuma toshe bututun lagireto. Sannan inji haɗin ƙarafa ne mabambanta, alminiyam da baƙin ƙarfe, wani lokaci da tagulla. Idan suka zauna cikin ruwa mai gishiri sai su zama kamar batir, ɗaya na cin ɗaya, kuma alminiyam ne ke shan kashi. Fukafukan wata-famfo su cinye, bakin tof-silinda ya yi ramuka, ruwa ya koma ja kamar na kududdufi. Tsohon lagireto na tagulla ana buɗe shi a zura masa tsinke a sake liƙewa da dalma. Na yanzu alminiyam ne da kan roba, bututunsa sirara, in ya toshe sai sabo.

Ɓarnar ba ta nunawa a wata ɗaya, shi ya sa mai ruwan famfo zai ce shekara biyu yana zubawa bai ga komai ba. Ranar da za ta bayyana kuma sunanta ya canza, ta zama "gasket ya ƙone".

Kore, ja, shuɗi, ruwan hoda

Etilin gilaikol ba shi da launi. Rini ake zuba masa. Bambancin gaskiya yana cikin magungunan hana tsatsa. Tsohon nau'i, wanda aka saba gani kore, yana amfani da silikat da fosfat, yana kare ƙarfe da sauri amma ƙarfinsa na ƙarewa cikin kamar shekara 2. A tsakiyar shekarun 1990 aka fito da nau'in da ke amfani da asid na halitta, irin Dex-Cool na General Motors mai ruwan lemo, wanda ke kai shekara 5. Daga baya aka yi masu haɗa dabarun biyu.

Kamfanonin Japan sun guji silikat saboda suna ganin yana cin sil ɗin wata-famfo, suka riƙe fosfat. Na Turai suka guji fosfat saboda yana haɗuwa da gishirin ruwansu ya yi ɓawo. Don haka Toyota na da ja na da, da ruwan hoda na yanzu wanda ke zuwa a haɗe, kuma a sabuwar mota littafinta ya ba shi har kilomita 160,000 kafin canjin farko, sannan duk 80,000. Honda na da shuɗi. Volkswagen, mai Golf da Sharan da suka cika tashoshinmu, tana da G11 da G12 da G13, kuma G12 na farko an hana haɗa shi da G11. Ka ga ruwan hodar Toyota da ruwan hodar Volkswagen ba abu ɗaya ba ne, ko da ido ya ce haka. Cakuɗa nau'o'i kan rage ƙarfin kariyar, wani lokaci ya yi laka a ciki. Motar da aka sayo ta hannu ba a san abin da ke cikinta ba, mafi sauƙi a juye duka, a ɗauraye, a fara da nau'i ɗaya a tsaya a kansa.

A wurin saye, galan ɗin kirki yana faɗin ko tsantsa ne ko haɗaɗɗe, da kashi nawa ne gilaikol, da ma'aunin da ya cika, irin ASTM D3306 na Amurka ko JIS K 2234 na Japan ko BS 6580 na Ingila. Wanda bai faɗi komai ba sai hoton mota da launi mai ɗaukar ido, ba ka da hujjar cewa ba ruwa da rini ba ne. Haɗaɗɗe ba a ƙara masa ruwa. Tsantsa ana haɗa shi rabi-da-rabi, kuma ko a ƙasar zafi kada ya gaza kashi ɗaya cikin uku, in ba haka ba maganin tsatsar ya yi kaɗan. Zuba tsantsa zalla shi ma kuskure ne, zafi zai ƙaru. Ƙaramar mota irin Corolla na ɗaukar wajen lita 6, don haka lita ɗaya da ake tsiyayawa a kan ruwan famfo "don launi" ba ta tsinana komai.

Ruwan haɗin ya zama tataccen ruwa marar gishiri, wanda ake sayarwa don ƙara wa batir. A yi hattara a nan: "ruwan batir" suna ne na abu biyu a kasuwa, tataccen ruwa da kuma asid. Fiya wata an tace shi don sha ne, gishirin ƙasa na iya kasancewa a ciki. A kan hanya, idan ruwa ya zube a daji, kowane ruwa mai tsabta ya fi babu, amma in an isa gida a juye.

Tamostat da fanka dairek

Ba a raba wannan magana da cire tamostat. Kusan al'ada ce: mota ta sauka daga Kwatano, a cire shi, a haɗa fanka dairek, a ce an mai da ita 'yar ƙasa. Tamostat ƙofa ce da ke rufe ruwa har inji ya kai zafin aikinsa, a Toyota da yawa wajen digiri 82, sannan ta buɗe. Idan babu ita, inji na daɗewa bai ɗumama ba, kwamfuta na ci gaba da sakin fetur mai yawa kamar yadda take yi da asuba, a wannan tsadar. Bugu da ƙari, a injuna da yawa tamostat ɗin idan ya buɗe hanyar lagireto yana rufe wata gajeriyar hanya ta cikin inji. In an cire shi wannan hanya na nan a buɗe, wani kaso na ruwan na ta kewaya bai je lagireto ba. An gudu gara an faɗa gidan zago. Motar da ke zafi tana da dalili: lagireto ya toshe, murfi ya saki, fanka ta gaji, wata-famfo ya cinye, ko tamostat ɗin ne ya maƙale, wanda maganinsa sabo. Ƙwai da garin barkono da wasu ke zubawa don toshe yoyo suna toshe yoyon da bututun tare.

Guba ce mai zaƙi

Etilin gilaikol na da ɗan zaƙi a baki, kuma kaɗan ya isa ya kashe ƙoda. Ɗan'uwansa na kusa, dayetilin gilaikol, shi aka samu a maganin haƙoran jarirai na My Pikin da ya kashe yara fiye da 80 a Najeriya a 2008 zuwa 2009. A garejinmu kuwa ana juye tsohon ruwa a ƙasa inda awaki da kaji ke kiwo, ragowar kuma a ɗura a gorar lemo a ajiye a but ko a kai gida. Ruwa mai launin kore ko ja a gorar lemo, a gidan da ke da yara. Ya zauna a galan ɗinsa na asali, a rufe, a sama. Wanda ya sha, a kai shi asibiti nan take ko da bai nuna alamar komai ba, domin ɓarnar ƙodar sai daga baya take fitowa. Murfin lagireto kuma ba a buɗe shi da zafi. Ruwan da ke ƙarƙashin matsi ya wuce digiri 100, ana sakin murfin yake tashi fuska.

Abin da ya rage ga mai mota

Ba adalci ba ne a ɗora wa makanike laifin duka. Da yawansu a hannu suka koyi aikin, a wurin maigidan da ya ƙware a kan 504 da tsohuwar Datsun, kuma dabarun sun yi aiki a zamaninsu. Sannan mai motar da ya yi ciniki har ya matse kuɗin aiki, ya ce a nemo "mai sauƙi", ya kuma tsaya a kai sai an ba shi mota yau, shi ma da hannunsa a ciki. Makaniken da ya ce a bar mota ta kwana ana yi masa kallon mai jan aiki.

Abin da mutum zai iya yi ba ya bukatar ya iya riƙe sifana. Ya sayi abubuwan uku da kansa ko ya ga bututun da galan ɗin kafin a buɗe. Ya shinshina gam ɗin. Ya tambaya ko an auna tof kafin a mayar, da kuma ko akwai sifana mai awo a garejin. Idan an gama, ya leƙa gefen kasko: siririn layin gam da ya ɗan leƙo daidai ne, wanda ya zubo kamar kunu yana da ɗan'uwa a ciki. Ya bar motar ta kwana kafin a zuba mai in da hali.

Bayan an zuba kulant, a bar inji ya yi aiki da hita a kunne har fanka ta tashi, don iskar da ta maƙale ta fita, domin iska a cikin tof na sa allura ta hau ko da komai sabo ne. Washegari da safe, kafin a tayar, a duba robar ajiyar ruwa. Ta kan ɗan sauka a kwana biyun farko, a cike zuwa layi da irin wanda aka zuba. Idan bayan mako tana ci gaba da sauka kuma ƙasa a bushe take, a zaro sandar awon mai a duba ko ya fara komawa launin shayi da madara.